Gidan abincin da sai ka marmasa gurasarka da hannunka: paomo a unguwar Musulmin Xi'an

Kwano aka fara dire mana, babba, babu komai a ciki sai gurasa biyu farare masu tauri, kowace ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Yarinyar da ta kawo ta ajiye wata 'yar lamba a gefe, ta juya ta yi gaba. Kawuna ya leƙa kwanon, ya ɗago ya dube ni.

"Kai, ina romon? Ko haka ake cin ta gaya?"

"A'a Kawu, sai mun marmasa ta da hannunmu tukuna, sannan su kai wa mai dafawa."

"Mu biya kuɗinmu, kuma mu yi musu aikin?"

Sunan abincin yangrou paomo, wato gurasa a romon rago, kuma da shi aka fi sanin birnin Xi'an na ƙasar Sin, wanda ake furtawa Shi-an. Labarin gidan da muka ci shi nake son bayarwa, domin na san 'yan'uwa da yawa suna shigowa ƙasar Sin su yi mako biyu ko uku, su koma gida ba su ɗanɗana komai ba sai abin da suka ƙullo a jaka.

Shekarata shida a Guangzhou ina dillancin kaya. Ina raka 'yan kasuwarmu masana'anta, ina yi musu tafinta, ina tsayawa a kan lodin kwantena. Kawuna ya zo baje kolin Canton na ƙarshen shekara, wanda ake yi sau biyu duk shekara tun 1957, kuma mako biyun da ya yi a wurina abincinsa bai wuce shayi da burodi da dafaffen ƙwai ba, sai garin kwaki da ƙuli-ƙulin da ya taho da su daga Kano. Ko a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, inda gidajen abincin halal suke jere, sai na yi da gaske yake cin shinkafa da kaza. Maganarsa ɗaya ce: "Abin da ban san wanda ya yanka ba, ba na kai shi bakina." Ban ga laifinsa ba. Ni ma haka na yi watannina na farko, kuma a ƙasar da naman alade shi ne naman yau da kullum, har man girki da romon miya sai mutum ya tambaya. Amma ya rame, idonsa ya faɗa, kuma ba na son ya koma gida da tunanin cewa ƙasar nan kasuwa ce kawai da yunwa. Da aka rufe baje koli a farkon watan Nuwamba, saura kwana biyar jirginsa ya tashi, sai na ce masa ya zo in kai shi garin da Musulmi suka fi shekara dubu suna yanka da girki.

Jirgin ƙasa mai gudu muka hau daga tashar kudu ta Guangzhou. Ya bi ta Changsha da Wuhan da Zhengzhou, kusan awa 8, allon da ke saman ƙofa yana nuna gudun kilomita 300 a awa, shayin Kawu kuwa ko girgiza bai yi ba a kan ɗan teburin gabansa. Ba a ba ka tikitin takarda. Fasfonka ne tikitinka, shi za ka nuna a ƙofa. Daga tashar arewa ta Xi'an layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke mu a Hasumiyar Ƙararrawa, tsakiyar tsohon gari. Masaukin farko da muka nufa suka ce ba sa karɓar baƙin waje, alhali na biya tun a waya. Kuɗin ya dawo, amma mun sha yawo da jaka cikin sanyi kafin mu sami wani. Wanda zai zo, ya kira ya tabbatar tun kafin ya taso.

Unguwar Musulmi tana farawa ne daga bayan Hasumiyar Ganga, wadda aka gina a 1380. Mutanen unguwar 'yan ƙabilar Hui ne, Musulmi masu magana da Sinanci, waɗanda yawansu a ƙasar ya haura miliyan 11. Asalin zamansu a nan yana komawa zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, lokacin da garin yake da sunan Chang'an, yake kuma bakin hanyar fataken siliki, Larabawa da Farisawa suna shigowa da haja suna zama. Titin da kowa yake fara faɗawa shi ne Beiyuanmen, kuma gaskiya ban ba shi maki mai yawa ba. Fitilu ne, da ihun masu talla, da cunkoson 'yan yawon buɗe ido, da tsire a kan manyan tsinkaye da ake sayarwa ninki biyu na kuɗinsa. A nan ne kuma mutane suka riƙa ɗaga waya suna ɗaukar Kawu hoto ba sallama ba neman izini, saboda kaftaninsa da hularsa da baƙar fatarsa. Ni na saba, ko da yake sabo bai sa abin ya yi daɗi ba. Shi kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya ce mu koma masauki.

Masallaci ne ya gyara mana ranar. Ana shiga Babban Masallacin ta wani siririn lungu mai suna Huajue, cike da masu sayar da tsaraba, kuma in ba a faɗa maka ba za ka wuce ƙofar ka ɗauka fadar wani sarki ce. Babu ƙubba, babu doguwar hasumiya irin wadda muka sani. Farfajiya ce bayan farfajiya, da itatuwa, da ƙofofin katako masu rufin da bakinsa ya lanƙwashe sama, da wani ɗan bene mai kusurwa takwas a tsakiya wanda shi ne a matsayin hasumiya. Mutanen wurin suna cewa an kafa shi a shekarar 742, amma ginin da ake gani yanzu akasarinsa na zamanin daular Ming ne, daga ƙarshen ƙarni na 14. Masu yawon kallo suna biyan kuɗin shiga kuma ba a barinsu su wuce bakin zauren salla. Mu da muka yi sallama, mai gadi ya amsa ya nuna mana wurin alwala. A cikin zauren an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a allunan katako a jikin bango, kuma rubutun Larabcin da ke saman ƙofofi an ja shi da irin hannun masu rubutun Sinanci, mai kauri da lanƙwasa, sai ka tsaya ka natsu kafin ka gane Bisimilla ce. Alƙiblarsu yamma take. Da muka idar da azahar Kawu ya daɗe zaune, sannan ya ce a hankali, "Mu a gida mu kalli gabas, su a nan su kalli yamma, Ɗakin Allah yana tsakaninmu." Hanafawa ne, don haka la'asarsu tana da ɗan jinkiri a kan tamu, limaminsu kuma ahong suke ce masa. Juma'a dai Juma suke kiranta, ba sai an yi tafinta ba.

A bakin zauren, muna sa takalma, na tambayi wani dattijo mai farar hula inda shi da kansa yake cin paomo, ba inda ake tura baƙi ba. Ya yi dariya, ya ce mu bar babban titi mu yi yamma, wajen Sajinqiao, ya kwatanta mini lungun da hannu. Harshen mutanen Shaanxi, lardin da Xi'an yake ciki, yana da nauyi a kunnen wanda ya koyi Sinancinsa a kasuwannin kudu, amma na kama abin da nake buƙata. Tafiyar kamar minti 15 ce a ƙafa, ana kauce wa baburan lantarki da ba a jin tahowarsu sai sun iso bayanka. Sunan gidan ba zai amfane ku ba, da rubutun Sinanci yake, kuma rabin gidajen unguwar sunansu "gidan tsoho wane" ne. Abin da za ku nema shi ne ƙaramin gida wanda tsofaffin unguwa suka cika, kowa ya sunkuya a kan kwano yana aiki da yatsu.

Abin da ya sa Kawu ya yarda ya shiga, allon da ke rataye a ƙofar ne. Akwai haruffa biyu da ake karantawa qingzhen, wato halal, waɗanda duk Musulmin da zai zauna a ƙasar Sin ya kamata ya haddace kamanninsu tun kafin ya haddace lambar wayarsa. A ƙarƙashinsu kuma an zana buta. Buta sak, mai dogon baki da mariƙi, irin wadda ke bakin kowane masallaci daga Kano har Damagaram. Tangping suke kiranta, da ita suke alwala, kuma tun da daɗewa hotonta ne alamar gidan abincin Musulmi. Kawu ya nuna ta da yatsa ya ce, "To, waɗannan sun san tsarki." A ciki akwai sanarwar cewa ba a shigowa da giya ko abincin waje. Matar da ke karɓar kuɗi tana da ɗankwali ya rufe gashinta gaba ɗaya. Tambaya biyu ta yi mana: rago ko sa, sannan gurasa nawa. Na ce rago, bibbiyu. Yuan 40 kwano ɗaya.

Mu koma kan kwanon. Gurasar, wadda suke kira mo, ba irin tamu ba ce ta Jakara mai laushi da ramuka. Ƙullunta kusan babu yisti, kuma da gangan ba a barinta ta gasu sarai, domin sauran dahuwarta a cikin romo za ta yi. In ka gutsura ka tauna a haka, za ka ji ɗanyen gari a tsakiya. Na taɓa cin paomo sau biyu a Guangzhou, inda inji ke yanka gurasar, don haka na ɗauka na iya. Na fara yaga ta manya-manya kamar yadda za ka yaga gurasa a zuba mata romon kai. Wani tsoho da muke teburi ɗaya da shi, don a gidan ba a ware wa kowa teburi, ya miƙo hannu ya tsayar da ni. Ya ɗauki tasa ya nuna mana. A raba ta biyu, a raba kowane ɓari biyu. Sannan a sa farce a tsaga kowane yanki ta kaurinsa, ya zama falle biyu. Daga nan sai a riƙe fallen da hannun hagu, a riƙa tsinke bakinsa da babban yatsa da manuni, ana ɗan murzawa, kowane gutsure ya fito kamar ƙwayar waken suya, kuma kowanne da ɗan ɓawon gashi a jikinsa. Hannunsa yana yi idonsa yana kan abokin hirarsa, gutsattsarin suna zuba a kwano tamkar ana ɓarar masara.

Mun fi rabin awa a kan gurasa bibbiyun nan. Babban yatsana ya yi ja, gefen farcen ya fara zafi. Kawu, wanda ya fara da gunaguni, shi ya riga ni kama hannun, domin mutum ne da ya yi shekara arba'in yana ƙirga yadi da jan carbi. Can sai na ji yana ba ni labarin yadda kakata take tsince shinkafa a faifai da yamma, labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, alhali mun yi mako biyu a ɗaki ɗaya ba mu yi wata magana ba sai ta farashi da kuɗin jirgin ruwa. Tsohon ya gaya mini cewa wasu 'yan unguwar tun da safe suke zuwa su zauna su yi ta marmasawa suna shan shayi, kuma mai dafawa yana duban kwano ya san ko ɗan gari ne ya aiko shi ko baƙo. Dalilin ƙanƙanta gutsuren a fili yake: babba ba ya dahuwa har ciki, romon ma ba ya ratsa shi, wanda ya zama gari kuma sai ya dame ya koma kunu.

In ka gama sai ka ɗaga hannu. A maƙala lamba ɗaya a kwanon, a bar maka 'yar'uwarta, don kada a kawo maka aikin hannun wani. A nan ake tambayar yadda kake son ruwan. Akwai wanda ake tsotse romon duka a cikin gurasar, akwai kou tang, wanda in ka cinye za ka tarar da romo kurɓi ɗaya tak a gindin kwano, akwai kuma shui wei cheng, ma'ana ruwa ya kewaye birni, gurasa a tsakiya romo ya zagaye ta. Na zaɓa wa Kawu na ƙarshen, ni na ɗauki kou tang. Madafar a buɗe take, ana hango ta daga inda muke. Wata ƙatuwar tukunya tana gefe, wadda aka kwana ana dafa ƙashi da nama a cikinta da kirfa da citta da wasu kayan ƙamshin nasu. Mai dafawa ba ya haɗa kwano biyu. Kowane kwano shi kaɗai ake juye shi a ƙaramin kasko mai mariƙi, a kwarfo romo, a jefa siririyar taliya mai sheƙi kamar gilashi, a ɗora a wuta mai ƙarfi har harshenta yana lasar gefen kaskon, a ɗiga man rago, a juye, a shimfiɗa yankan nama a sama. Bai fi minti uku ba.

Ƙamshin ne ya riga kwanon isowa. Tare da shi aka kawo 'yan faranti: tafarnuwa da aka jiƙa a sukari da ruwan khal har ta zama ruwan zuma, da niƙaƙƙen barkono, da ɗanyen ganye mai ƙamshi. Na kai tsinken cin abinci zan juya, tsohon ya sake girgiza kai. Ba a juya paomo. Daga gefe ake ci, kaɗan-kaɗan, ana matsowa tsakiya, don zafin ya zauna kuma gurasar kada ta saki. Barkonon ma a gefen da za ka ci kawai ake ɗan shafawa. Kawu ya nemi cokali aka ba shi ba tare da wani kallo ba.

Romon ya yi kauri ba tare da an sa masa wani abin kauri ba, irin kaurin da ƙashi ke bayarwa in ya daɗe a wuta, har leɓɓanka suna ɗan mannewa. Babu ƙarnin rago ko kaɗan. Ba shi da yajin farfesunmu, kuma cokalin farko zai iya yi wa ɗan Arewa kamar da saura; sai a na uku ko na huɗu za ka ji daɗin naman da kansa yake, ba a ɓoye shi a bayan attaruhu ba. Gurasar ta sha romo har ciki amma ba ta narke ba, kowace ƙwaya tana da 'yar danƙo a haƙori. Naman kuwa da harshe ake raba shi. In maiƙon ya fara hawa maka kai, sai ka ɓare tafarnuwa ɗaya ka tauna: zaƙi da tsami da ɗan garɗi, babu zafin ɗanyar tafarnuwa, nan take bakinka ya koma sabo. Wanda ya haɗa waɗannan biyun ya san abin da yake yi. Kawu bai ce uffan ba har ya kai rabi. Ya cire hula ya goge zufa a goshi, cikin sanyin Nuwamba, ya mayar, ya ce, "Ɗan nan, ka ce su ƙaro tafarnuwar." Ya cinye tas, ya shanye ɗan kofin tataccen romon da ake kawowa a ƙarshe, ya yi hamdala da ƙarfi har matar kantar ta jiyo ta amsa masa.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma zan faɗe su. Naman kwanon talaka kaɗan ne ƙwarai, yanka uku ko huɗu sirara. Wanda ya saba da tsoka sai ya biya na sama da shi, ko ya sayi ƙarin nama daban. Gishiri ya ɗan yi yawa, maiƙo ma haka, don haka mai hawan jini ya faɗa tun kafin a ɗora, ya ce a rage. Wurin wanke hannu famfo ne guda a lungu, ruwan sanyi ƙarara, ba sabulu, a gidan da kowa da hannu yake aikin abincinsa; wannan ya kamata su gyara, kuma kafin su gyara ku riƙe naku a aljihu. Babu bayan gida sai na unguwa. Kujerun gajeru ne marasa majingina, gwiwar Kawu ta gaya masa. Ma'aikatan ba su da lokacin fara'a, a tsaye ake amsa maka ana wucewa, ko da yake ban ga wulaƙanci a ciki ba, kowa haka ake yi masa. Babu rubutu ko ɗaya da wani harshe in ba Sinanci ba, babu hotunan abinci a bango. Kuɗin hannu suna karɓa amma canji yana ba su wuya, kusan kowa ta waya yake biya, da manhajar WeChat ko Alipay. Sannan ba a kai wa dare: in romon ranar ya ƙare sai su rufe, mun dawo washegari bayan la'asar muka tarar ana wanke tukwane.

Wannan rashin samun ne ya kai mu wani gidan a babban titi, mai hawa biyu da hotuna da ma'aikata masu inifom. Don sauri muka karɓi gurasar da inji ya yanka. Kuɗin ya fi, kwanon ya fi kyau, amma yankan inji santsi gare shi ta kowane gefe, romon bai kama shi ba, sai ka ji gurasa daban ruwa daban. A nan na ɗanɗana xiaochao, ɗan'uwan paomo da ake soyawa da barkono da ruwan khal da tumatir. Mai son yaji zai fi son sa, kuma shi ya fi kusa da bakinmu, sai dai tsamin yana danne daɗin romon.

Sauran abincin unguwar ba zan daɗe a kansu ba. Da safe akwai hulatang, miya mai kauri da ƙwallayen naman sa da dankali da kabeji, tana ɗumama jiki. Akwai zenggao, shinkafa mai danƙo da aka turara da jan dabinon Sin, wanda a gaskiya ɗan'uwan magarya ne, yana da zaƙi sosai, Kawu ya so shi da shayi. Ruwan rumman da ake matsewa a gabanka lokacinsa ne a watan, daga gonakin Lintong da ke kusa da garin ake kawo shi. Tsirensu na ƙananan tsinkayen ƙarfe a lungu ya fi na manyan sanduna da ake yi don hoto, amma babu ƙuli a jikinsa, wani kayan ƙamshi ne da suke kira ziran da barkono. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: roujiamo, gurasar da ake tsagawa a cusa nama, a cikin unguwar Musulmi da naman sa ake yin ta, amma a sauran gari asalinta da naman alade ce, kuma sunan ɗaya ne. Haka taliyar biangbiang mai faɗi kamar ɗamara. Kada sunan abinci ya ruɗe ku. Allon ƙofa za ku duba.

Mun hau ganuwar gari ta ƙofar kudu. An gina ta a shekarun 1370, kewayenta ya kusa kilomita 14, tsayinta mita 12, kuma faɗin samanta ya isa motoci su wuce juna. Matasa suna hayar keke suna zagayewa. Mu da ƙafa muka ɗan taka. Kawu ya dafa tubalin ya yi shiru, sannan ya fara lissafa mini wuraren da badalar Kano take a tsaye lokacin yana yaro, inda yanzu gidaje da shaguna suka cinye. Abin ya taɓa shi, ni ma ya taɓa ni. Washegari muka yi tafiyar kamar awa guda zuwa Lintong, wurin rundunar mutum-mutumin yumɓu da manoma suka ci karo da ita a 1974 suna haƙar rijiya. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya sa aka yi su don su tsare shi bayan mutuwa. An ƙiyasta sun kai 8,000, kowanne da kamannin fuskarsa, ramin farko kaɗai tsawonsa mita 230. Kabarin sarkin kansa har yau ba a buɗe shi ba. Wurin ya cancanci gani, sai dai turereniya ta yi yawa, kuma ku yi hankali da masu tare mutane a hanya suna cewa za su kai ku da araha. Kawu ya daɗe yana kallon sahun sojojin daga bakin ƙarfe, ya ce, "Duk wannan runduna, shi kaɗai ya kwanta."

Ranar da za mu koma, tun ƙarfe tara muna gidan lungun nan. Matar kantar ta gane mu, ta ɗaga yatsu biyu tana tambaya, Kawu ya ɗaga mata uku. Ya zauna ya nannaɗe hannun riga, ya raba, ya tsaga, ya shiga tsinkewa ba tare da ya dubi kowa ba, kuma da yarinyar ta zo ɗaukar kwanon sai ta ɗan karkata shi ta nuna wa mai dafawa, shi kuma ya leƙo ta taga ya ɗaga wa Kawu babban yatsa. Wannan karon kou tang ya ce a yi masa, da bakinsa ya faɗa. Kafin mu fita ya sa na saya masa kwalba biyu ta tafarnuwar, ya kuma sa na tambayi irin garin da ake gurasar da shi, wai zai sa a gwada masa a gida. Na ce masa gurasarmu ba za ta jure ba, tana da yisti kuma ta gasu sarai, tana shiga tafasasshen romo za ta narke. Ya ce ya san wata mai gurasa a Jakara tun zamanin mahaifiyarta, zai ce ta kwaɓa masa ba yisti, ta kuma cire ta daga tanderu kafin ta ƙarasa.